Tarin Sashen Baya

A gidan yarin nan Saje kowa ke ce masa, daga shugaban gidan har fursunan da aka kawo jiya. Da tafiya ta yi nisa sunan ya bi shi gida, har matarsa ma haka take kiransa idan tana son ta ja shi da wasa, ko idan ranta ya ɓaci da shi. Ya daɗe a aikin ganduroba. A cikin kaki furfura ta same shi, yanzu ritaya ce kawai ta rage masa. A 'yan shekarun nan shi ke kula da sashen baya, dogon ginin nan da ke can ƙurya jikin katanga, inda ake ajiye masu jiran shari'a. Kowace safiya idan an gama ƙirga kawuna, shi ke buɗe ƙofar fili, mutanen su fito su miƙe ƙafa, su yi wanki su shanya, su sha rana har lokacin abinci.

Ɗakunan sashen an gina su ne don mutane kaɗan, amma yanzu idan aka kwanta sai an yi shawara kafin a juya. Taga ɗaya ce a kowane ɗaki, 'yar mitsitsiya can sama kusa da rufi, an gitta mata sandunan ƙarfe. Bokitin bayan gida yana kusurwa. Shi ya sa fitar nan ta safe ce abin da kowa ke kwana yana jira, har da waɗanda ba su da wankin yi.

A shekarar da abin ya faru damina ta zo da nauyi. Da marka ta kankama sai sama ta rufe ruf, ruwa ya yi ta tsiyaya, aka yi makonni rana ba ta leƙo ba. Fili ya zama taɓo. Ko Saje ya buɗe ƙofa, sai mutane su cunkushe a baranda suna kallon ruwa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Barguna suka ƙi bushewa, bango ya yi funfuna.

A ɗaki na ƙarshe tarin ya fara. Mutum ya kwanta lafiya ya tashi da zazzaɓi, gaɓoɓinsa kamar an daka, sai busasshen tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Kafin mako ya zagayo ya shiga ɗakin kusa, daga nan ya yi ta bin ƙofa ƙofa.

A wannan ɗaki na ƙarshe akwai wani dattijo da ake kira Tela, don ɗinki ne sana'arsa kafin a kawo shi kan wani rikicin shago da har lokacin ba a yanke ba. Ya girmi Saje, kuma ya daɗe a sashen har an ba shi izinin riƙe allura da zare. Rabin maɓallan kakin gandurobobi shi ya ɗinka su. Mutum ne da bakinsa ba ya hutawa.

"Saje, ka ji ƙungiyar mawaƙan da muka kafa?" in ji shi wata safiya ta ramin ƙofa, tari na tashi daga kowace kusurwa. "Wannan ya ɗauka, wancan ya amsa. Ni kaɗai na rage ban sami murya ba."

"Allah ya sa kada ka samu, Baba Tela."

"Amin. Ai ni dama ban iya waƙa ba."

Ma'aikaciyar jinyar gidan, wadda kowa ke kira Sista, tana da ɗakin shan magani kusa da ofis, da 'yan gadaje kaɗan. Nan da nan suka cika. Abin da ke hannunta maganin zazzaɓi ne da ruwan gishiri da sukari, sai haƙurin da take ba mutane. Da abin ya fi ƙarfinta, shugaban gidan ya kira su ofis, ita da Saje. Mutum ne mai sanyin magana, ranar kuma idanunsa sun nuna barci bai ishe shi ba. Ya ce daga yau an rufe sashen baya: ba fita fili, abinci a miƙa ta ƙofa, ziyara kuma an dakatar da ita a gidan baki ɗaya.

"Yallaɓai," in ji Sista, "idan aka kulle su a ɗakunan nan, numfashin juna za su yi ta shaƙa. Wanda bai kamu ba ma sai ya kamu. A bar su su riƙa fita su sha iska, in rana ta leƙo ta same su."

"Famfo ɗaya ne a filin nan, Sista, igiyar shanya ma ɗaya. 'Yan sashen gaba sun ninka su yawa. Idan abin nan ya tsallaka can, a ina za ki kwantar da su? A kan teburina?"

"To a raba musu lokaci. Waɗannan da safe, waɗancan da yamma."

"Da wa zan raba, ga gandurobobina a kwance a gida? Kuma za ki iya rantse mini cewa idan waɗannan suka bar fili ba su bar ciwon a bakin famfo ba?"

Sista ta san ba za ta iya rantsewa ba. Saje yana tsaye da hularsa a hannu. Ya ji maganarta ya ga gaskiya ce, ya ji ta shugaba ya ga ita ma ba ƙarya a ciki.

"Saje, ka ji dai."

"Na ji, Yallaɓai."

Da ya je ya faɗa wa sashen, aka yi ta surutu, wasu suka zage shi a kaikaice. Tela ya jira hayaniyar ta lafa ya ce, "To ita ranar da ta ƙi fitowa, ita ma jiran shari'a take?" Aka yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. Daga ranar aikin Saje ya koma kai da kawo a dogon lungun da ke gaban ɗakunan, yana jin mutane suna kiransa ta ramin ƙofa, kowa da wanda yake so a zo a duba, shi kuma ba abin da yake da shi sai "Sista na zuwa."

A gida matarsa ta kafa nata dokokin. Malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata, kuma tana tafiyar da gida kamar aji. Ba ya shiga ɗaki sai ya tuɓe kaki a baranda ya wuce banɗaki. Ta so ta riƙa shanya kakin a rana don ta ji an ce rana na kashe ƙwayoyin cuta, amma ranar ce babu, sai ta koma bin shi da dutsen guga har ya kusa ƙonewa. 'Yarsu Auta, wadda ke karatu a makarantar koyon jinya, ta kawo kwalbar bitamin D ta ajiye a tebur kusa da gwangwanin sukari. Ta ce kowa ya riƙa haɗiyar ɗaya da safe, tun da fatar mutum da rana take yin wannan bitamin, rana kuwa ta yi tafiya.

Kowa ya karɓa ban da Inna, mahaifiyar Saje. Tsohuwa ce tukuf, gwiwoyi sun hana ta fita, haske kuma yana sa idanunta ruwa, don haka labulen ɗakinta kullum a sake yake.

"Rana a kwalba?" in ji ta. "Ni da na tsufa a gona? Wadda na tara a ƙashina ta ishe ni har kabari."

"Inna, ba a tara ta kamar hatsi," in ji Auta.

"Ke kika sani, likitar waya. Kai wa mai kaki, shi ke wuni cikin masu tari." Haka take kiran ɗanta.

Saje ya haɗiye tasa, ya yi ta juya kwalbar a hannu yana tunanin sashen baya. "Auta, wannan tana hana mutum kamuwa?"

"Wai tana taimaka wa jiki, Baba."

"Wai, ko tana yi?"

Ta ɗan sosa kai. "Malaminmu ya ce ba a gama tabbatarwa ba."

Akwai likitan da ke zuwa gidan yarin daga babban asibiti lokaci lokaci. Da ya zo, Saje ne ya zaga da shi sashen baya, kowa da takunkumi a fuska. Likitan ya yi ta ɗora abin awonsa a ƙirjin mutane yana saurare, ya ware waɗanda suka fi jin jiki, ya ce asibitinsu ma ya cika har a ƙasa ake kwanciya. Da suka fito ruwa ya sake kecewa, suka tsaya a baranda suna jira ya tsagaita. Saje ya ga dama ta samu.

"Likita, ni ba mai dogon karatu ba ne, ka faɗa mini yadda zan gane. Rashin rana ne ya kawo mana wannan abu?"

Likitan ya sauke takunkuminsa ya share gumi. Ya ce ƙwayar da ke kawo irin wannan mura, wadda suke kira bairos, ba ta son hasken rana. An gwada an ga yana lalata ta a jikin kaya da cikin iska, kuma a waje iska tana watsa numfashi, ba kamar cikin ɗaki ba. Ya ce wannan kam ba a cika musu a kai ba.

"To bitamin ɗin fa?"

"Nan ne ake ta ja-in-ja. Idan ka auna jinin waɗanda ciwon ya fi kayarwa, sau da yawa za ka ga nasu ya yi ƙasa. Amma su wane ne? Tsofaffi, da masu wani ciwon a jiki, da waɗanda ba sa fita. Ƙarancin ne ya kayar da su, ko dama can raunin ne ya jawo duka biyun? An raba wa mutane ƙwayoyin aka bi su a gani. Wasu masu binciken suka ce ya ɗan rage, wasu suka ce ba su ga bambanci ba."

"Amma ai da damina ya zo."

"Mu da damina ya zo mana. A wasu ƙasashe da sanyi yake zuwa musu. Ko rashin rana ne, ko laimar iska, ko don ruwa ya kora kowa ɗaki an matsu da juna, ko duka a haɗe. Ni ma da na sani da na huta."

Saje ya dubi fili, ruwa na dukan igiyar shanya. "Ni mabuɗi ne a hannuna, Likita. In buɗe, ko in bari?"

"Ba ni ne shugabanka ba, Saje. Na gaya masa abin da na tabbata da shi, cewa mutanen sun yi wa ɗakunan yawa, a rage su. Ya ce in nuna masa inda zai kai su." Ya mai da takunkuminsa. "Iska za ta yi musu amfani. Amma in ka ce in yi maka alkawarin 'yan gaba ba za su ɗauka ba, ba zan iya ba."

Ba a daɗe ba Tela ma ya kwanta. Da farko ya yi ta maza, yana zolayar mutane daga kwance. Sannan zolayar ta ragu. Saje ya leƙa wata safiya ya gan shi jingine da bango, baki a buɗe, yana jawo numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Babu gado a wajen Sista, an dai ce za a kai shi asibiti da zarar wuri ya samu. Saje ya ɗebo ƙwayoyi daga kwalbar gida ya ƙulle a takarda, ya miƙa masa ta ramin ƙofa. Shi kansa bai san ko magani yake ba shi ba, ko kuwa zuciyarsa yake lallashi.

Sai wata rana da hantsi sama ta washe. Rana ta fito tarwai, mai zafi, irin ta bayan ruwa, ƙasa ta fara tururi. 'Yan sashen gaba suka cika fili suna ihu, suka shanya duk abin da suka mallaka. A sashen baya hasken ya shigo ta 'yan tagogin nan ya kwanta a saman bango inda hannu ba ya kaiwa. Mutanen suna jin ihun 'yan gaba. Wani ya fara buga kwano a ƙofa, saura suka ɗauka, har ginin ya cika da ƙara.

A ranar kuwa shugaba ya tafi taro hedkwata. Saje ya je wajen mataimakinsa, shi kuwa ya ce umurnin ba nasa ba ne, ba shi zai janye shi ba. Saje ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar fili. Da lokacin abinci ya yi aka mai da 'yan gaba ɗakunansu aka kulle, fili ya zama ba kowa, sai rana da ke ta zuba a banza. Ya daɗe a tsaye. Tun da ya sa kaki bai taɓa karya umurni ba. Sista ta zo wucewa da bokitin ruwan magani, ta dube shi, ta dubi fili. Ba ta ce masa ya buɗe ba. Cewa kawai ta yi, "In an gama, zan wanke famfon."

Ya buɗe.

Suka fito a hankali suna kare ido da hannu. Bai san sun rame haka ba sai da ya gan su a haske. Wasu suka zube a kan siminti inda ya bushe, wasu suka tuɓe riguna suka juya wa rana baya, barguna suka rufe igiya har suka hau katanga. Babu wanda ya yi ihu. Mutum biyu suka ɗauko Tela a bargo suka shimfiɗe shi a gindin bango inda rana ta fi ƙarfi. Ya rufe ido, haƙarƙarinsa na ɗagawa yana sauka.

"Saje."

"Na'am, Baba Tela."

"Maɓallin aljihunka yana lilo. Ka kawo mini in na tashi."

"Zan kawo."

Kafin a fito da 'yan gaba da yamma ya mai da kowa ciki, Sista ta wanke famfo da igiya. Haka ya yi ta yi duk ranar da sama ta washe. Duk gidan an sani, shugaba ma da ya dawo ya sani, babu wanda ya ce uffan.

Sai tarin ya ɓulla a sashen gaba.

Shugaba ya kira shi. Bai yi faɗa ba, ya ma ce ya zauna, Saje ya ƙi.

"Kai ka kai musu, Saje?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Masu rabon abinci suna shiga nan su shiga can. Mu ma masu kaki haka."

"Haka ne. Ni ma ban san ta ina ya bi ba. Amma a sama za a tambaye ni, kuma duk gidan nan umurni ɗaya ne aka karya."

Ya miƙo hannu. Saje ya kwance mabuɗan daga ɗamararsa ya ajiye a tebur. Aka mai da shi babbar ƙofa, wurin da ake sa sababbin ɗauka, ya riƙa buɗe wa motoci yana leƙa jakunkuna.

A can Sista ta riƙa kawo masa labari in ta tashi aiki. Ta ce a sashen baya sababbin masu kamuwa sun ragu ƙwarai. Ransa ya ɗan yi sanyi, ya ce ko ranar ce ta yi aiki. Ta ce wataƙila, amma kuma kusan kowa a sashen ya riga ya yi ya gama, ciwon ba shi da sauran wanda zai kama. A sashen gaba kuwa abin ya yi muni. Wani ƙaƙƙarfan matashi mai buga ƙwallo, wanda kullum yana fili ko ana ruwa, ya kwanta bai tashi ba. Saje bai san shi sosai ba, amma ranar bai taɓa abincinsa ba.

Tela an samu an kai shi asibiti daga baya, can ya cika. Da Sista ta faɗa wa Saje, ya riƙe ƙarfen ƙofa, sannan ya tambaye ta ko da an buɗe tun farko da ya rayu, ko kuwa fitar da shi da aka yi ce ta ƙara masa.

"Saje, wallahi da na sani da na faɗa maka. Ga shekaru, ga ƙirjin dama ba lafiyayye ba. Ka daina yi wa kanka shari'a."

Ya ce to, amma bai daina ba.

Bai gama da wannan ba Malama ta kwanta. Ita da ba ta taɓa tsallake ƙwayarta ba, ita da ke wanke hannu har fata ta yi fari. Zazzaɓin ya kayar da ita ƙwarai. Auta ta bar makaranta ta zauna jinya, tana auna ta tana juya ta, ta hana kowa shiga ɗakin. Saje kuwa, da ya yi makonni a tsakiyar masu tari, ko atishawa bai yi ba. Ya faɗi haka a baranda yana mamaki, sai Auta ta ce ai akwai masu ɗauke da ƙwayar su kai wa wasu ba tare da sun ji komai a jikinsu ba. Da ta ga yadda fuskarsa ta yi, ta yi sauri ta ƙara da cewa rabin 'yan ajin Malama ma tari suke yi, mai yiwuwa daga can ne. Ya gyaɗa kai. Daga ranar a baranda ya riƙa cin abincinsa.

Inna, wadda ba ta ga rana ba, ba ta kuma sha ƙwaya ba, ko mura ba ta yi ba. Daga bayan labulenta take aiko da umurni, a dafa wa Malama wannan, a shafa mata wancan, tana cewa mutanen yanzu ba su da ƙwari. Amma Saje ya sha jin ta tana yi wa surukarta addu'a ƙasa ƙasa.

Malama ta tashi, amma a hankali. Ta daɗe in ta taka daga ɗaki zuwa kicin sai ta tsaya ta huta. Duk safiyar da rana ta fito, kafin ya tafi aiki sai ya ɗauko kujera ya ajiye mata a bakin ƙofa.

"Ka mai da ni shanya, Saje. Auta fa ta ce ba a tabbatar ba."

"Ki zauna dai, Malama. Ai ba a ce tana cutarwa ba."

Takan zauna, don ta lura shi ne ya fi buƙatar ya gan ta a wurin.

Da damina ta ja baya tarin ma ya ja baya, a sassan biyu har da cikin gari, ba tare da wani ya iya cewa ga abin da ya kore shi ba. Aka wanke ɗakuna, aka sake buɗe ziyara. Ranar farko layi ya miƙe daga babbar ƙofa har bakin titi, yawanci mata da ledoji da kwanuka. Saje yana leƙa kaya yana tambayar kowa wajen wa ya zo.

Wata mata ta iso, ba za ta girmi Auta da yawa ba, da goyo a baya da leda a hannu. Ya buɗe ledar ya ga sabulu da burodi da man shafawa. Ta faɗi sunan wanda ta zo gani. Da ƙyar ya gane sunan, don an daɗe ba a kira Tela da shi ba.

"Yana sashen baya, Baba. Mahaifina ne. Tun kafin ruwan nan rabona da shi. Na zo kwanakin baya aka ce an hana ziyara, sai na koma na zauna jira, don muna da nisa."

Duk shekarun da Saje ya yi da Tela bai taɓa jin yana da 'ya ba, don shi aikinsa a baya yake, masu ziyara kuwa a gaba suke tsayawa. Ashe saƙon rasuwar da ofis ya aika bai same ta ba. Dokar ƙofa ita ce ba ganduroba ke faɗin irin wannan ba, ofis ake tura mutum. Ya riƙe ledar bai mayar mata ba.

"Lafiya, Baba? Ko akwai abin da aka hana a ciki? In akwai a cire."

"Babu, 'yata."

"Na ji an ce an yi ciwo a nan. Shi dama ƙirjinsa ba ya son sanyi. Ana dai fitar da su su sha rana ko?"

"An fitar da su," in ji Saje. "Daga baya an fitar da su."

Ta tsura masa ido. Hannunta ya koma baya ya dafa goyon. Masu layi suka fara gunaguni. Saje ya kira abokin aikinsa ya ce ya riƙe masa ƙofa, ya ɗauki ledar da kansa, ya ce ta biyo shi. Tsakanin ƙofa da ofis ba nisa, amma ya yi tafiyar a hankali, tana biye da shi, jaririn ya farka ya fara kuka. A bakin ofis suka tarar akawun ya fita, aka ce sai ya dawo. Saje ya jawo mata benci ta zauna, shi kuma ya tsaya a gefenta da ledar a hannu, suna jira.